Kujerar da Ke Ƙarƙashin Famfo

Ranar da labari ya iso cewa jami'armu ta shiga sahun manyan jami'o'in duniya, ina tsaye a gaban ajina riƙe da bokiti.

Wannan ba sabon abu ba ne. Ilimin yanayi nake koyarwa, wato yadda hadari ke haɗuwa da yadda ruwan sama ke sauka, kuma ɗakin laccar da aka ba ni tun ina da gashi a ka yana taya ni aiki sosai. Sauran malamai sai sun wahala suna zane a allo. Ni sai dai in ce, "Ku ɗaga kai ku gani."

Wuraren yoyon har sunaye gare su. Ban san wanda ya raɗa musu ba, haka na tarar, kuma kowace shekara tsofaffin ɗalibai kan gabatar da su ga sababbi kamar ana nuna wa amarya dangin miji. Akwai 'Yan Biyu a wajen taga, masu ɗiga tare. Akwai Hawaye a can baya, wanda ba ya zuba, sai dai ya gangaro ta jikin bango a hankali. Sai babbansu, Famfo, a gaba daidai tsakiya, inda ya kamata a ce teburina yake. Saboda shi na tura teburin gefe na koyi koyarwa a karkace. Ɗalibai kuma suka zagaye kowane wuri da alli a ƙasa, suka jera kujerunsu suna kauce wa da'irorin. Baƙo in ya leƙo sai ya ɗauka faɗa aka yi aka watse.

Shugabar aji ce ta karanto mana labarin daga wayarta. 'Yar shekarar ƙarshe ce, mai kaifin baki, irin waɗanda ke yi maka tambaya cikin ladabi sai ka koma gida sannan ka gane baƙa aka faɗa maka.

"Malam, an ce muna cikin jami'o'i dubu da suka fi fice a duniya."

"Ta sama ko ta ƙasa?"

"Rukunin ƙarshe ne, Malam."

"To ai ko a bayan mota aka ɗora ka, ka dai shiga mota. Ku tafa."

Suka tafa. Kada in yi ƙarya, ni ma na ji daɗi har cikin raina. Na san mutanen da suka jawo mana wannan suna: masu karatu da fitilar waya in wuta ta ɗauke, masu aron tukunya daga kicin ɗin gida don su ƙarasa gwaji. Ni ma akwai 'yar gudummawata a ciki, wata maƙala da mutum uku suka karanta, biyu daga cikinsu don su ƙaryata ni.

Tafin bai gama lafawa ba ta sake ɗaga hannu.

"Malam, tunda mun zama manya, bana ma da lema za mu rubuta jarrabawa?"

Kowa ya san ba wasa take yi ba. Bara ana tsakiyar jarrabawar ƙarshe aka kece da ruwa da iska. Da'irorin alli ba su yi rana ba, don iska ta karkatar da yoyon. Takardu suka jiƙe, tawada ta narke, aka soke jarrabawar. Kafin a sake sa rana an shafe watanni. Wasu suka rasa ayyukan da ke jiransu, wata kuma gurbin ƙaro karatu ya kuɓuce mata. Jarrabawar bana ma a tsakiyar damina ta faɗo, kuma a ɗakin nan, don babu wani da zai ɗauke su duka.

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Wataƙila girman da muka samu ne ya hau mini ka. Na ajiye bokiti na ce, "Kafin ranar jarrabawarku za a gyara rufin nan. Ni na faɗa muku."

Suka sake tafi. Famfo ya ɗiga a cikin bokiti, ƙwal, kamar mai cewa za mu gani.

Da na faɗa wa matata tana ninke wanki, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kai da marfin tagar kicin ya gagare ka tun bara?"

"Wannan daban. Wannan maganar hukuma ce."

"To Allah ya taimaka. Baban yara, gobe za a yi ruwa?"

"Sosai ma. Duk alamu sun nuna."

"Madalla. Bari in jiƙa barguna."

Haka muke da ita. Tun farkon aurenmu ta gano cewa hasashena abin dogaro ne matuƙar aka juya shi. In na ce za a yi ruwa ta yi shanya, in na ce ba za a yi ba ta kwashe. Ta ce ko rediyo bai kai ni amfani ba.

Washegari na tafi ofishin daraktan ayyuka. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa, kowa Za-a-duba yake kiransa. Mutumin kirki ne, ga fara'a ga shayi. Zai saurare ka har ka gama, ya girgiza kai cikin tausayi, ya raka ka har bakin ƙofa, ka fita kana jin kamar an biya maka buƙata.

"Malam, ai rufin nan naka yana raina. Kullum da shi nake kwana."

"Ni kuma da shi nake wuni, Yallaɓai."

"Za a duba."

Sai da na fito ina tafe ina tsallake ramukan hanya na tuna da abin da kowa ya sani a jami'ar nan ko da ba a rubuta shi a ko'ina ba: a wurinmu, gyara baƙo yake bi. Titin da ya tashi daga babbar ƙofa zuwa ofishin Shugaban jami'a sumul yake kamar tafin hannu, don nan manya ke bi. Akwai ginin da aka yi wa fenti a fuska ɗaya kawai, fuskar da ke kallon hanya. Ban ɗakin sashen shari'a kuwa ya fi na kowa kyau, saboda wata shekara cikin wani babban baƙo ya ɓaci a daidai nan. Ɗakina laifinsa ɗaya: yana can ƙurya, bayan wurin ajiye tsofaffin motoci, inda baƙo ba ya zuwa sai in ɓata ya yi.

Ana haka aka kafa kwamitin bikin murna, aka rarraba shi ƙanana ƙanana. Manya suka yi rububin na abinci da na tarbar baƙi. Aka rasa mai karɓar kwamitin hanya, wato mai tsara inda motar babbar baƙuwa za ta bi da inda za ta tsaya. Na ɗaga hannu da saurin da sai da kafaɗata ta yi ƙara.

Babbar baƙuwar wata farfesa ce, dattijuwa, wadda ta yi suna a ƙasashen waje wajen binciken magunguna. An karanta tarihinta a zaman, amma ni lokacin ina zana hanya a tafin hannuna da biro. Ban ji komai ba sai ƙarshen, inda aka ce a tafa. Na tafa, taswirar ta koma ɗaya hannun.

Hanyar da ta dace gajera ce, daga ƙofa zuwa filin taro, miƙe kamar sanda. Amma kafin in kai ofis labarin muƙamina ya riga ni. Mai kula da laburare ya tare ni a kan matakala ya ce fankokinsa sun daina juyawa tun kafin a haifi autansa. Uwar ɗakin kwanan 'yan mata ta biyo ni har mota.

"Malam, don girman Allah, ko ta bayanmu ne a bi. Tankinmu ya bushe, yara sai sun fita waje suke ɗebo ruwa."

Mutanen da ba su taɓa gaishe ni ba suka fara tambayar lafiyar iyali. A rayuwata ban taɓa ɗanɗana mulki ba sai a makon nan, kuma na gane dalilin da ya sa masu shi ba sa son sauka.

Hanyar da na tsara ta fito kamar tafiyar maciji. Ta bi ta laburare, ta zagaya ɗakin kwanan 'yan mata, ta ratsa bayan tsofaffin motoci, sannan ta tsaya a ƙofata, inda baƙuwa za ta sauka ta gaisa da ɗalibai kafin a wuce filin taro. Na shirya hujjoji iri iri don kare ta, amma ban yi amfani da ko ɗaya ba. Lokacin da na gabatar ana tsakiyar rikici a kan wanda zai zauna kusa da wa a wurin cin abinci, aka ce an amince, in zauna. Har ma daga wajen baƙuwar aka aiko cewa wannan tsayawar ta fi komai burge ta, tana so ta ɗan zauna ta yi hira da yaran. Na ce a raina, abin nema ya samu.

Aiki ya kankama. Tankin 'yan mata ya cika, fankokin laburare suka juya, aka cike ramuka. Ina tafiya ana sa mini albarka. Daga ƙarshe ma'aikata suka iso ɗakina da fenti da labule da furanni a tukwane. Suka cire silin ɗin da ya ruɓe suka kafa sabo fari tas. Suka shafe ƙasa da jan fenti, da'irorin alli suka tafi. Ina tsaye ina jira in ga wanda zai hau saman kwano. Har suka naɗe kayansu ban ga tsani ba.

Na samu Za-a-duba yana duba furanni.

"Yallaɓai, kwanon fa? Ai can ne ciwon yake."

"Malam, baƙuwar nan a mota za ta zo ko a jirgin sama? Wa zai ga kwano?"

"Ruwa zai gani."

"Bayan biki za a duba."

Ana gobe biki sai ga jami'in da ke kula da zaman manyan baƙi, wanda muke kira Sarkin Tsari. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce, ko hoton bangon gidan wani ne. Ya shigo ya ga kujerun ɗalibaina a warwatse, ya dafe ƙirji. Nan take ya sa aka jera su sahu sahu da igiya. Ya sa aka kwashe bokitaina aka kulle a sito, wai abin kunya ne. Sannan ya sa aka shigo da wata ƙatuwar kujera mai laushi, mai hannayen zinariya, aka dire ta a gaba daidai tsakiya.

Na kalli kujerar, na kalli sama.

"Ranka ya daɗe, wurin nan fa..."

"Malam, kai hadari ka karanta, ni tsari na karanta. Babban baƙo a tsakiya yake zama."

Na buɗe baki zan yi bayani, sai wani tunani ya zo ya zauna mini a kan harshe. Shekara da shekaru Famfo yana jiƙa ni, yana jiƙa 'ya'yan mutane, babu wanda ya ji. Bai taɓa jiƙa babba ba. To in ya gaisa da baƙuwar da duniya ta sani, a gaban Shugaba da masu ɗaukar hoto, ina jin kafin ta bushe an kawo kwano. Na rufe bakina.

Shugabar aji, wadda ta zo da 'yan ajin su ga inda aka sa su, ta matso kusa da ni.

"Malam, ba za ka faɗa masa ba?"

"Na faɗa, bai ji ba."

"A hankali ka faɗa, Malam."

"Muryata ke nan. Tsufa ne."

Ta dube ni irin duban da ake yi wa yaron da aka kama da hannu a tukunya, ta yi gaba.

Abu ɗaya ya rage: ruwa. Ranar biki na tashi na fita tsakar gida na duba sama. Tas, ko ɗigon gajimare babu. Na duba na'urata, na duba iska, na dawo jiki a sanyaye.

"Yau dai babu ruwa," na ce wa matata. "Ko kaɗan."

Ta fita ta kwashe shanyarta, ta dawo ta miƙo mini lema. Na karɓa don a zauna lafiya, na jingine ta a bayan ƙofa don kare mutuncin sana'ata.

Jami'a ta yi kyau ranar, ba ƙarya. Ko'ina tutoci, ga wani ƙaton ƙyalle a bakin ƙofa ɗauke da matsayinmu da manyan baƙaƙe, sai dai ba a samu wurin rubuta maganar rukunin ƙarshe ba. Mu malamai muka sha rigunan digiri masu nauyi da hulunan nan masu faɗi kamar faranti. Ni da ɗalibaina muna ɗaki muna jira, gumi yana tsiyaya. Hanyar macijina ta ci lokaci fiye da yadda na zata, don 'yan mata sun tare motar a ƙofar ɗakin kwanansu suna guɗa, baƙuwa tana zaton ita ake yi wa, alhali tanki ake yi wa. A cikin wannan jinkirin gabas ta yi baƙi. Iska ta kaɗa sabon labulen. Kafin motoci su tsaya a ƙofata, ruwa ya fara dukan kwano.

Ban taɓa jin daɗin kuskurena irin na ranar ba.

Aka shigo da ita a ƙarƙashin lema. 'Yar gajeruwar tsohuwa ce mai tabarau da sanda, Shugaba a damanta, Sarkin Tsari a gaba yana tafiya da baya yana nuna mata kujera da hannu biyu. Ta tako har tsakiyar ɗaki ta tsaya. Ta shaƙi warin fenti. Ta kalli taga, ta kalli allo, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon farin silin. Sannan ta sauke ido a kan kujerar zinariya ta yi wani ɗan murmushi da ban so ba.

"Wane ne malamin ɗakin nan?"

Aka turo ni gaba. Na rusuna.

"Malam, ai kai ne mai ɗaki. Ba zan zo in tarar da kai a tsaye ni in hau kujerar mulki ba. Bismillah, zauna."

"Haba Hajiya, wane ni? Ai taki ce."

"Na ba ka."

Sarkin Tsari ya fara, "Ranki ya daɗe, a tsari..." Ta ɗaga sanda kaɗan, ya haɗiye sauran. Ta jawo wata kujerar roba da kanta, ta ja ta gefe, ta zauna daidai inda teburina yake zama kullum. Wurin da ya fi ko'ina bushewa a ɗakin.

Daga bayan aji na ji wani ya shaƙe da dariya ya mai da ita tari. Shugaba ya yi mini alama da ido cewa in zauna kada in ba da mu. Na zauna. Wallahi kujerar akwai laushi.

Shugaba ya fara jawabi a kan matsayinmu a duniya. Ni kuwa ina satar kallon sama. Sabon silin ya yi ƙoƙari, ya riƙe amana na ɗan lokaci. Sai wani tabo ya bayyana, ya yi duhu, ya yi ciki. Ɗigon farko ya sauka a kan hulata, ƙwas. Na biyu, ƙwas. Na ƙame kamar gunki. Hular da faɗi, tsakiyarta kuma ta ɗan lotsa saboda tsufa, sai ta zama kwano tana tarawa. Na yi lissafin cewa in ban motsa ba, wataƙila a gama jawabi kafin ta cika.

Sai Shugaba ya juyo gare ni.

"Wannan nasara ta malamai ce masu haƙuri da juriya, irin su Malam da ke zaune a nan."

Aka tafa. Tarbiyya ta rinjayi hankali, na sunkuyar da kai don godiya. Duk abin da hular ta tara ya gangaro ta kan hancina ya sauka a cinyata. Kafin in ɗago, cikin silin ɗin ya fashe, Famfo ya buɗe baki gaba ɗaya.

Ɗakin ya ɗauki ihu. A wajen taga 'Yan Biyu suka fara aiki a kan sahun Sarkin Tsari. Ba wanda ya ba da umarni, ba ko da'ira ɗaya a ƙasa, amma ɗalibaina suka miƙe tare, kowa ya ɗauki kujerarsa ya koma wurinsa na asali. Kafin ka ƙifta ido ɗakin ya koma kamar an yi faɗa an watse, kuma babu wanda ruwa ke taɓawa sai ni.

Baƙuwa tana dariya har sai da ta cire tabarau ta goge ido. Ta nuna sama da sanda.

"Famfo! Ashe kana nan da ranka?"

Dariya ta tsaya cak. Kowa ya juyo.

"Kuna mamaki? Ni na raɗa masa suna. A ɗakin nan na yi karatu, a wurin nan da nake zaune. Sai ka yi sammako kake samunsa." Ta nuna taga. "Waɗancan fa?"

"'Yan Biyu ne, Hajiya," in ji shugabar aji.

"A zamaninmu guda ɗaya ne. Ashe an samu ƙaruwa. Hawaye fa?"

"Yana nan baya, lafiyarsa ƙalau."

Daga baya aka tabbatar mini cewa an faɗi duk wannan a tarihinta, lokacin da nake zane a tafin hannu.

Ta mai da tabarau ta juyo gare ni. Na riga na tashi daga kujerar ina tsiyaya.

"Malam, an ce mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Ka sani, ka bari aka ajiye mini kujera a nan?"

Na kalli Shugaba. Fuskarsa ta fi gabas haɗuwa. Na so in ce ban lura ba, amma mutum mai ruwa a kunne ba ya iya shirya ƙarya mai kyau.

"Na sani, Hajiya."

"Don me?"

"Ya daɗe yana jiƙa ni da yaran nan, ba a ji ba. Na ce ko in ya jiƙa babba za a ji."

Ta jinjina kai kamar mai duba aikin ɗalibi.

"Dabarar ba laifi. Kuskurenka ɗaya, ba ka binciki baƙuwarka ba. Shi ya sa ake cewa in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere."

"Na ga alama, Hajiya."

Shugabar aji ta miƙe ba tare da an ba ta izini ba, ta ba da labarin jarrabawar bara, ta faɗi ranar tasu. Ta ƙara da cewa Malam ya yi musu alkawari, ko da yake ba su ɗauka da zafi ba. Wannan ƙarin ban ga amfaninsa ba.

Baƙuwa ta juya ga Shugaba. Ta ce ta yi murna da matsayin nan fiye da kowa, kuma waɗanda suka auna mu ba su yi ƙarya ba, don wanda ya iya karatu yana kare takarda da gwiwar hannu babu inda ba zai iya ba. Sai dai ba su ɗaga kai sama ba. Sannan ta tambayi mai kula da gine-gine. Za-a-duba ya fito daga bayan tukunyar fure.

"Za a duba, ranki ya daɗe."

"Wanda ke kan kujerarka a zamaninmu ma haka ya ce mana. Allah ya jiƙansa." Ta dogara sanda ta miƙe. "Duk inda muka biyo yau fenti bai bushe ba, na gane har yanzu gyara baƙo yake bi a gidan nan. To ku sa ni a lissafi. Zan dawo ranar jarrabawar yaran nan. A kujerar can zan zauna daga farko har ƙarshe, Shugaba a damana, kai a haguna."

Aka wuce filin taro. Aka ci aka sha, aka yi kiɗa, ni ina gefe ina bushewa. Kafin yamma hotona ya zagaye gari: ga ni a kujerar zinariya, ruwa na sauka a kaina, a bangon bayana ga wani ƙyalle da ke shelar matsayinmu a duniya. Shugaba ya kira ni ofis ya ce nan gaba in zan yi gwajin ruwa in sanar da shi tukuna, sannan ya cire ni daga kwamitin hanya har abada. Uwar ɗakin kwanan 'yan mata ta ce zalunci ne. Da na isa gida na tarar ƙannen matata duk sun turo mata hoton.

"Sannu da zuwa, babban baƙo," ta ce. "Lemarka tana bayan ƙofa tana gaishe ka."

Ba a rufa mako ba na ji ƙarar guduma. Aka yaye tsohon kwano gaba ɗaya aka kafa sabo. Za-a-duba da kansa ya hau tsani, cikinsa yana gogar matakala, ya sa aka fito da bokitaina daga sito aka riƙa miƙa masa ruwa yana kwararawa a kan rufi, wani a ciki yana kallon sama. Sarkin Tsari ya dawo da kujerar zinariya, amma wannan karon sai da ya tambaye ni inda za a ajiye.

Ranar jarrabawa da safe matata ta tambaye ni labarin sama. Na ce yau kam garau ne. Ta fita ta kwashe shanya.

Na tarar da Za-a-duba a ƙofar ɗakina cikin sababbin kaya, riƙe da furanni. Ɗalibai suka shiga, aka raba takardu, baƙuwa shiru. Can sai ga kira daga ofishin Shugaba: Hajiya ta koma bakin aikinta tun makon jiya, tana yi wa yara fatan alheri, ta ce a gaida Famfo in an gan shi.

Za-a-duba ya kalli furanni, ya kalli rufi.

"Wato Malam, duk kwanon nan a banza na sa shi?"

"Za a duba, Yallaɓai," na ce, na rufe ƙofa.

An yi nisa da rubutu aka kece da ruwa. Da ƙarar farko a kan kwano, ɗakin duka ya motsa. Kowa ya kife a kan takardarsa ya tare da gwiwar hannu, na wajen taga suka fara jan kujeru, ni ma na tsinci kaina na yi tsalle gefe. Muka tsaya a haka muna jira. Ruwa yana dukan rufi kamar zai ɓalle shi, amma ko ɗigo bai sauko ba. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗago, suka kalli sama, suka kalli juna. Shugabar aji ta dube ni ta buɗe baki, na shirya karɓar baƙa. Sai kawai ta gyaɗa kai ta ci gaba da rubutu.

Na tattara takardun a bushe, har ƙara suke yi in an juya su. Na koma gida ina tafiya kamar ni na ƙera kwano. Na ba matata labari tun daga farko, ta saurara har ƙarshe, ta ce ta taya ni murna.

"To Baban yara, saura tagar kicin."

"Ai kin ji yadda abin yake. Gyara baƙo yake bi. Sai ki gayyaci baƙo."

"Na gayyata. Mama tana hanya, jibi za ta iso. Ta ce kuma ita za ta riƙa yi mana girki."

Na ajiye jakata na tafi neman guduma.